Baƙo A Jirgin Ƙasan Sudan

Da yawa daga cikinmu, in an ce baƙo a jirgin ƙasa, sai mu tuna da Bature zaune a tsakanin mutanenmu. Amma akwai zamanin da Bahaushe ne baƙon, watau zamanin da alhazai ke bin hanyar ƙasa zuwa Makka.

Ga yadda abin ya ke. Mai niyya ya kan tashi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, da ƙafa ko bisa jaki, daga baya kuma a mota, har ya kai Al-Ubayyid ta ƙasar Kurdufan. Nan ne bakin hanyar jirgi, wadda aka buɗe a 1912, shekara guda bayan jirgi ya iso Kano. Faɗin hanyar kuwa ƙafa 3 da inci 6, daidai da ta Ikko zuwa Kano. Daga nan jirgi ya kan haye Farin Nilu ta gadar Kosti, ya zo Sannar, ya bi ta Wad Madani da Hartum da Atbara, kāna ya gangara bakin Bahar Maliya.

To, wahalar farko ita ce kuɗin tikiti, domin yawanci kafin su iso guzuri ya ƙare. Sabo da haka da yawa su kan sauka a Jazira, inda aka kafa babbar gonar auduga bayan gama madatsar ruwan Sannar a 1925, su yi ta tsinkar auduga har su tara abin da zai ishe su. Wani ya yi shekara, wani biyar, wani kuwa ya yi aure ya zauna ke nan. Kusa da Sannar ɗin akwai garin Mai Wurno, wanda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, zuriyarsu na can har yanzu.

Wahala ta biyu, wadda ni na fi ganin nauyinta, ita ce baki. Malaminmu ya sauke Alƙur'ani, ya karanci littattafai, yana tsammani Larabci ya zama nasa. Ya shiga wagunu ya nemi ruwa, ya ce ma'u, sai a yi murmushi, don su moya su ke cewa. Larabcin littafi dabam, na kasuwa dabam. Ga shi kuwa da ganin rigarsa an san daga yamma ya fito, a kira shi Takruri ko Fallata, sunayen da a bakin waɗansu ba su rasa raini. In bai ji sunan tasha ba sai ya wuce inda zai sauka, in ya sauka sayen abinci bai fahimci mai shela ba jirgi ya tafi da iyalinsa da kayansa. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma sai in yana jin amsar.

Abin da ke ceton baƙo shi ne al'adar mutanen wagunun. Basudane ba ya buɗe ƙunshin abincinsa ya ci shi kaɗai. Zai ce itfaddal, watau bismilla, ya miƙo kisra, wata waina ce ta dawa mai faɗi marar kauri, ko dafaffen wake da su ke kira ful, a bi da shayi. Wanda ya ƙi karɓa don kunya irin tamu, sai a ɗauka girman kai ne. Wanda ya karɓa, ya kwance goronsa ya raba, to, ya sami mai tsare masa kaya da mai tashe shi in an zo tasharsa. In jirgi ya tsaya lokacin salla, sahu ɗaya a ke yi a gefen hanya, ba a tambayar ƙasar kowa, a can kuwa Larabcin littafin nan da aka yi wa dariya shi ke sa a tura malamin gaba ya yi limanci.

A Sawakin a kan tsare alhazai kwanaki don duba lafiyarsu, sa'an nan su shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Da jirgin sama ya yawaita sai hanyar nan ta ja baya, amma unguwannin Hausawa da ta haifa suna nan a biranen da ta ratsa.