Daga Goronyo Zuwa Dundaye: Wa Zai Riga Ruwa Isowa?

Shirinmu na musamman na yau ya sauka a Dundaye, mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a ƙetaren kogin Rima. Manyan biranen duniya yanzu sun duƙufa wajen kafa na'urori masu auna ruwa da wuta da cunkoson motoci, su aika wa hukuma labari nan take. Ra'ayina shi ne, idan Sakkwato za ta bi sahu, to daga bakin kogi ya kamata ta fara, tun kafin a kai ga kyamarori a shataletale.

Ga dalilina. A watan Satumba na 2010 madatsar ruwa ta Goronyo ta cika ta batse, aka buɗe ƙofofinta, ambaliya ta biyo kwarin Rima tana cinye gonaki da ƙauyuka, har ta yanke gadar da ta haɗa jami'a da cikin gari. Malamai da ɗalibai da masu kai kayan gwari kasuwa duk suka koma ga kwalekwale. To, a lura: ruwan nan tafiya ya yi. Ya baro Goronyo, ya wuce Wurno, sannan ya iso. Tsakanin buɗe ƙofa da isowarsa akwai tazara, kuma a cikin wannan tazarar ce manomin fadama zai ɗauke injin ban ruwansa, uwa ta kwashe 'ya'yanta da awakinta zuwa kan tudu. Aikin fasaha a nan shi ne ta sa labari ya riga ruwa isowa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, a wannan shekara ta 2010 ɗin dai, birnin Rio de Janeiro na ƙasar Brazil ya ga tasa masifar. Ruwan watan Afrilu ya zaftare duwatsu a kan unguwannin talakawa, mutum sama da 200 suka rasu a faɗin jihar Rio. Kafin shekara ta fita, birnin ya buɗe cibiyar sa ido tare da kamfanin IBM, inda jami'an hukumomi kusan 30 ke zama a ɗaki guda, dare da rana. Daga 2011 aka riƙa kafa jiniya a unguwannin kan tudu, haɗe da ma'aunin ruwan sama. Ruwa ya kai wani mataki, a tura wa wakilan unguwa saƙo ta waya. Ya ƙaru, jiniya ta yi kuka, mutane su nufi makaranta ko majami'ar da aka riga aka nuna musu, har atisaye ake yi musu. Ku ji tsarin da kyau, jama'a: ma'auni, saƙo, sannan mutumin da ya san inda zai dosa.

Wani zai ce, wannan ai Brazil ce, mu da wutar lantarki ma ke yi mana wuya. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ma'aunin tsayin ruwa ba ya cin wuta. Ƙaramin faifan sola da batir sun ishe shi, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato, wadda ta daɗe tana aiki a kan hasken rana, ta wannan jami'ar ce. Hasashen ma akwai shi: hukumar NIHSA tana fitar da na ambaliya kowace shekara, NiMet tana fitar da na damina, kamfanin Google kuma ya saka Najeriya cikin shafinsa na Flood Hub tun 2022. Inda gizo ke saƙa shi ne, yawancin wannan bayani da Turanci yake, a intanet, kuma ya fi yawan ambaton jiha ko ƙaramar hukuma, alhali mai albasa a fadamar Dundaye so yake ya ji ko gonarsa ce ruwa zai ci, kuma yaushe.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: waya tana iya yin shiru. A 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Shi ya sa bai kamata a rataya rayukan mutane a kan waya kaɗai ba. Saƙon ya zo da murya, da Hausa da Fulatanci, ya fita ta Rediyon Rima, ya isa ga hakimi da mai unguwa, a faɗe shi ta lasifikar masallaci. Sannan a san wanda ke da alhakin cewa a tashi, tsakanin hukumar kogunan Sakkwato da Rima mai riƙe da madatsar, da hukumar agajin gaggawa ta jiha.

Lokaci yana neman ƙwace mana, amma ga abu ɗaya a gurguje. A 2018 Goronyo ɗin nan ta ja baya har famfunan Sakkwato suka ji a jikinsu. Ma'aunin da zai yi gargaɗin ambaliya a Satumba, shi ne zai gaya wa hukumar ruwa da manoman rani tun a Janairu cewa a fara tattali.