Gina Buɗaɗɗiyar Manhajar Katalogi a kan Rumbunan Bayanan Littattafai na Tarayya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi bayanin yadda ake gina buɗaɗɗiyar manhajar katalogi, watau wadda kowa ke da izinin ya duba cikinta, ya gyara, ya kuma rarraba, sannan a jingina ta da rumbunan bayanan littattafai waɗanda laburare da yawa suka yi tarayya a kansu. Abin da za mu yi ƙoƙarin nunawa shi ne, manhaja mazubi ce kurum. Amfaninta ya dogara ne ga bayanan da aka zuba mata, da kuma wanda yake da iko da su.

2.0 Asalin Tarayya

A zamanin katalogin kati, littafi guda sai ma'aikata ɗaruruwa su rubuta masa kati, kowa a laburarensa. Domin rage wannan wahala ne Henriette Avram ta Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ta jagoranci ƙirƙiro tsarin MARC, wanda ya kankama a 1968. A wannan tsari kowane bayani yana da gurbinsa mai lamba. Alal misali, 020 gurbin lambar ISBN ne, 100 na sunan mawallafi, 245 kuwa na sunan littafi. Da yake gurabun ɗaya ne a ko'ina, abin da wannan kwamfuta ta rubuta, waccan za ta iya karantawa.

A 1967 kwalejojin Jihar Ohayo suka kafa OCLC a ƙarƙashin Frederick Kilgour, a 1971 kuma aka fara aikin katalogi na tarayya ta kwamfuta. Ka'idar mai sauƙi ce: wanda littafi ya fara zuwa hannunsa ya rubuta, saura su kwafa.

3.0 Yadda Manhajar ke Aiki

Misalin da ya fi shahara shi ne Koha, wadda kamfanin Katipo ya rubuta wa laburaren gundumar Horowhenua ta ƙasar Niyuzilan a 1999, ta fara aiki a Janairun 2000. Akwai kuma Evergreen, wadda laburaren Jihar Jojiya ta Amurka suka fara aiki da ita a 2006.

Idan sabon littafi ya iso, ma'aikaci zai shigar da lambar ISBN ko sunan littafin. Manhajar sai ta aika tambaya zuwa rumbuna da dama a lokaci guda, ta hanyar ƙa'idar Z39.50, wadda aka fara tsayarwa a 1988, ko kuwa ta SRU da ta biyo bayanta. Ma'aikacin ya zaɓi bayanin da ya fi inganci, ya gyara kurakurai, ya ƙara abin da ya keɓanta da laburarensa, kamar lambar kanta da yawan kofe. Saboda haka dole magini ya raba bayanin tarayya da bayanin gida, don kada sabunta na farko ya shafe na biyu. Haka kuma ya tanadi hanyar gane bayanai biyu masu magana a kan littafi ɗaya.

4.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce ta mallaka. A 2008 OCLC ta fito da sabuwar doka kan yadda za a riƙa amfani da bayanan rumbunta na WorldCat. Ma'aikatan laburare da dama suka ga cewa za ta ɗaure musu hannu a kan abin da su da kansu suka rubuta, suka yi ca, har aka janye ta a 2009. A ɗaya ɓangaren kuwa, Jami'ar Harvard ta saki bayanai fiye da miliyan 12 a 2012, kowa ya ɗiba ba sharaɗi. Ashe ke nan, kafin a aza tubalin farko, wajibi ne a san sharuɗɗan rumbun da za a dogara da shi.

Matsala ta biyu ta fi shafarmu. Ba a kwafar abin da ba a rubuta ba. Da yawa daga littattafan Hausa da marubuta ke bugawa da kansu a Kano da sauran garuruwa ba su da lambar ISBN, balle rubuce-rubucen ajami da ke hannun malamai. Bugu da ƙari, tsohon jerin haruffa na MARC-8 ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. Tsarin Unicode ya kawo su, amma sai an koya wa manhaja cewa mai neman "kasa" mai yiwuwa "ƙasa" yake nufi, in ba haka ba littafi na nan a kanta, mai nema ya koma hannu rabbana.

5.0 Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, muna ba da shawara uku. Na ɗaya, laburaren jami'o'inmu su zaɓi manhajar da za ta bar su su fitar da dukkan bayanansu cikin tsarin MARC duk ran da suka so. Na biyu, su raba aikin rubuta bayanan littattafan Hausa a tsakaninsu, tare da taimakon sassan koyar da harshen, musamman wajen daidaita sunayen marubuta. Na uku, su buɗe wa juna da sauran duniya waɗannan bayanai ba tare da sharaɗi ba. Littafin da aka buga a Landan wani zai rubuta mana bayaninsa, amma wanda aka buga a Kano ko Zariya, mu ake jira.