Jan Numfashi a Garin Sanyi: Me Yoga Za Ta Yi wa Mutanen Jos?

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu ta Gangare wadda rabonta da barcin kirki tun rikicin Nuwamban 2008. In tayar mota ta fashe a titi, sai gabanta ya faɗi, jikinta ya ɗauki ɓari har sai jikoki sun riƙe ta. Irinta suna da yawa, a masallaci da coci, domin Jos ta ga tashin hankali: Satumban 2001, gobarar babbar kasuwar Taminus a 2002, Janairun 2010, bama-baman Mayun 2014. Duk wanda ya taɓa zaman jiran likita a asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo ya san koke-koken: hawan jini, rashin barci, faɗuwar gaba, ciwon baya.

Ita ce ta faɗo mini a rai da na fara bibiyar maganar yoga. Asalin abin Indiya ne, kalmar kuma ta Sanskirit ce mai nufin haɗawa, kamar yadda ake haɗa shanun huɗa da karkiya. Tsohon littafin Patanjali ya kasa ta rukunai takwas, lanƙwasa jikin da muke gani a waya ɗaya ne kawai daga ciki. Sauran sun shafi tarbiyya, sarrafa numfashi da tattara hankali. A Disamban 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 21 ga Yuni ta zama ranar yoga, bayan shawarar Firaministan Indiya Narendra Modi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne bayanin likitoci. Idan mutum ya tsorata, jiki yakan saki sinadarai irin su adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, a shirya gudu ko faɗa. Wannan rahama ce ranar haɗari. Matsalar ita ce jikin da ya ƙi sauka daga wannan shiri shekara da shekaru, kamar na dattijuwarmu. Jan numfashi a hankali, musamman tsawaita fitar da shi, yana motsa wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta ratsa ƙirji zuwa ciki, ita kuma ta rage bugun zuciya. Dakta Herbert Benson na Jami'ar Harvard ya yi littafi a kan haka a 1975, inda ya nuna cewa maimaita kalma ko addu'a cikin natsuwa, kowane addini mutum yake bi, na kawo wannan saukin. A 1979 Jon Kabat-Zinn ya buɗe shirin koyar da irin wannan natsuwa a Massachusetts don masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. A 2017 kuma wata babbar ƙungiyar likitocin Amurka ta sa yoga cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga daɗaɗɗen ciwon baya kafin a kai ga ƙwayoyi.

To, ina maganar aƙida? A garin da aka kafa Izala a 1978, inda ɗariƙu da majami'u ke da ƙarfi, ba a tsallake wannan tambaya, kuma bai kamata a tsallake ba. A cikin yoga akwai gaisuwar rana da rera kalmomin bautar Hindu. Saboda su majalisar fatawa ta Maleshiya ta hana Musulmi yin ta a 2008, yayin da Saudiyya ta karɓe ta a matsayin wasan motsa jiki a 2017. Ra'ayina shi ne a ɗauki miƙe gaɓoɓi da numfashi, a bar musu bautarsu. Natsuwa ba baƙuwarmu ba ce. Tun muna makarantar allo aka koya mana cewa salla ba ta cika sai gaɓoɓi sun natsu a ruku'u da sujada, ga tafakkuri, ga zikirin safiya da maraice. Ban ce salla motsa jiki ba ce, ibada ce. Amma mai dungura ta kamar kaza na tsattsagar tsaba ya yi asara biyu.

Allah ya hore wa Jos abin da wasu garuruwa ke nema da kuɗi: tudu mai tsayin sama da mita 1,200, iska mai sanyi, duwatsun Shere, bakin ruwan Rayfield. Wanda ba zai iya zuwa can ba, tabarma a tsakar gida bayan asuba ta wadatar. Ya zauna ya miƙe baya, ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake ta yana ƙirga shida, na minti goma.

Sai dai mai hawan jini kada ya ajiye maganinsa, kuma ya guji tsayuwa a kan ka. Wanda ya ga kisa da idonsa kuwa, zaman shiru shi kaɗai na iya dawo masa da abin da ya gani, don haka ya fara da ganin likitan ƙwaƙwalwa. Abin da na roƙi 'ya'yan dattijuwarmu ke nan, kuma babbar 'yarta ta yi alkawarin raka ta.