Azumin Kulle: Yadda Kanawa Suka Rayu da Korona

Wanda ya san Kantin Kwari a makon farko na azumi ya san wurin da ba masaka tsinke: 'yan dako da dilolin atamfa a ka, masu a-daidaita-sahu na ta danna hon, baƙi daga Nijar da Chadi na cinikin kayan Sallah. A azumin 2020 kuwa, shagunan a garƙame suke, titunan da ke kewaye da kasuwar sun yi tsit, in ban da motocin jami'an tsaro da ke sintiri.

Abin ya zo ne kamar da wasa. A ranar 27 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Mutane da dama a Arewa sun ɗauka ciwon masu hawa jirgi ne. Sai ga shi a ranar 11 ga Afrilu an samu mai ita a Kano, kwana biyar bayan haka gwamnatin jiha ta sa dokar kulle. An ɗauki azumi ranar 24 ga wata, sannan a ranar 27 Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe Kano baki ɗaya na mako biyu.

A garin da yawancin jama'a sai sun fita suke samun na cefane, “a zauna a gida” ba ƙaramar magana ba ce. Mai shayi, ɗan dako, mai gyaran takalmi, mai tallar ƙosai, duk abincinsu a titi yake. Tallafin gwamnati bai kai ga gidaje da yawa ba. Abin da ya riƙe unguwanni shi ne tsohuwar al'adar maƙwabtaka: kwanon kunu da ke tsallaka katanga kafin a sha ruwa, mai kantin unguwa da ke rubuta bashi a littafi yana cewa “sai an buɗe gari”, masu hali da ƙungiyoyin matasa da ke bi gida-gida da gero da shinkafa. Da aka sassauta dokar a farkon Mayu, aka ba da Litinin da Alhamis na 'yan sa'o'i don sayen abinci, matan gida suka koyi yin cefanen kwana uku a zuwa ɗaya, aka koma ga busasshiyar kuɓewa da kuka da kayan miya na shanya.

Rufe masallatai ya fi komai taɓa zuciya. Babu tafsiri a fili, babu sahun asham. Malamai da yawa sun yi ta tunatar da jama'a cewa addini bai hana kiyaye lafiya ba, suna kawo tarihin Sayyidina Umar da ya juya daga hanyar Sham da ya ji annoba ta ɓarke a can. Saudiyya ma ta dakatar da Umara, Hajjin shekarar kuma aka taƙaita shi ga mazauna ƙasar kaɗai. A Nijar an rufe masallatai, sai a watan Mayu aka sake buɗe su.

To, sai ibada ta koma tsakar gida. Bayan isha'i a share ƙasa, a shimfiɗa tabarma biyu. Maigida, wanda shekara da shekaru a bayan liman yake, ya tsaya gaba da 'yan surorin da ya riƙe. In ya kakare, 'yarsa ta Islamiyya ta ɗora masa daga sahun baya. A gidaje da yawa wannan ne karon farko da uba da uwa da yara suka yi asham tare wata guda cur. Tafsiri kuma ya koma rediyo da talabijin da Facebook, malami na zaune da alarammansa a ɗaki, dubban mutane na saurare ta waya.

Masu sana'a ma ba su naɗe hannu ba. Tela da ɗinkin Sallah ya tsaya masa ya waiwayi buhun ƙyallayen da ya saba zubarwa. Ya yanka atamfa gwargwadon tafin hannu, ya ninka biyu, ya yi mata tattara uku, ya ɗinke roba a gefe da gefe: takunkumi ya samu, mai araha, wanda za a wanke a sake sawa. A ƙofar shaguna da bankuna aka ajiye bokiti mai famfo da sabulu. Mata masu turaren wuta da atamfa suka mayar da WhatsApp shago, a ɗora hoto, a tura kuɗi, yaro ya kai kaya. Masu POS na bakin layi suka zama bankin unguwa.

An rufe makarantu tun watan Maris. Jihohi irin su Kaduna da Kano suka sa darussa a rediyo da talabijin, yara na zaune da littafi a cinya suna bin muryar malamin da ba sa gani. Sai a farkon Agusta 'yan ajin ƙarshe suka koma, aka fara jarabawar WAEC ranar 17 ga watan. Almajirai kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu, domin gwamnatocin Arewa sun kwashe su a motoci zuwa jihohinsu na asali, aka kuma samu wasunsu ɗauke da cutar.

Kano ta yi kuka a watan Afrilun 2020. Dattawa, malaman jami'a, 'yan kasuwa da masu sarauta suka yi ta rasuwa a jere, masu haƙar kabari suka ce ba su saba ganin haka ba. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa bincike ya ƙirga mutuwar mutum 979, kuma mai yiwuwa kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da nasaba da korona. Zaman makoki na kwana uku ya gagara. Ta waya aka riƙa yin ta'aziyya, “Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri”, ba musabaha, ba dafa kafaɗa.

Irin wannan yanayi na taɓa ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, damuwa da fargaba sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya. Shawarwarinta ba masu tsada ba ne: a tsara lokacin barci da na tashi, a motsa jiki ko a tsakar gida ne, a rage bin labarai dare da rana, a nemi bayani daga majiya mai tushe irin su hukumar NCDC, a kuma riƙa kiran 'yan uwa. Azumi ya taimaka a nan, domin sahur da salloli biyar da buɗa-baki sun raba wa mutane yini, ba su bar shi ya zama dogon zaman jira ba. Jita-jita ce ta fi wahalar magani. Saƙonnin murya sun yi ta yawo, wani ya ce cutar ƙarya ce, wani ya ce zafin Arewa zai kashe ta, ma'aikatan lafiya da gidajen rediyo suka yi ta bi suna warwarewa da Hausa.

Sallah ta kama ranar 24 ga Mayu. Gwamnatin Kano ta yarda a yi Idi da takunkumi a fuska, amma babu Hawan Daushe, babu Hawan Nassarawa. Sarki Aminu Ado Bayero, wanda aka naɗa a watan Maris na shekarar, ya yi Sallarsa ta farko a kan karagar Kano ba tare da jerin dawakai ba. Yara suka sa kayansu suka yi yawon Sallah a cikin layi, barka da Sallah ta tafi ta waya.

A ranar 2 ga Yuli aka ɗage kullen Kano. Rigakafi ya iso Najeriya a watan Maris na 2021, a watan Mayun 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire korona daga matsayin dokar ta-ɓacin lafiya ta duniya. Kwari ta koma cika maƙil, tela ya koma kan ɗinkin Sallah. Teburin mai POS na nan a bakin layi, kuma duk azumi, a gaban kujerar mai tafsiri, akwai matashin da ke saita waya don masu kallo daga gida.