3.4 Rikicin Iyaka Tsakanin Maƙwabta

A ƙauyukan ƙasar Hausa, da darni ko dashi ko gamba ake shata iyaka. Shi darni kara ne, gara da ruwan damina kan cinye shi, sai an sake kafawa bayan kaka. A nan ne wani kan matsar da shi taki ɗaya cikin filin maƙwabcinsa, baɗi ya ƙara. Idan rigima ta tashi, mai unguwa kan kirawo dattawan da suka san asalin wurin; in ta gagara, sai dagaci, sannan alƙali. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da takardar fili a karkara, amma galibin filayen gado ne marasa takarda, don haka rasuwar dattijo ɗaya kan dagula shari'ar.