Hasken da ke cikin zuciyar kowa: aƙidar wasu masana na Amurka

A watan Satumba na shekarar 1836, wasu malamai ƴan kaɗan suka fara taruwa a yankin birnin Bostan, arewa maso gabashin Amurka, domin tattauna al'amuran addini da ilimi. Yawancinsu limaman coci ne da suka yi karatu a jami'ar Habad. Mutane suka laƙaba musu wani dogon suna, Taransandantalis, wanda ya samo asali daga kalaman Kant, masanin falsafa na ƙasar Jamus. Ma'anarsa ita ce masu neman sanin da ya ƙetare abin da ido ke gani da abin da kunne ke ji.

Tushen aƙidar

A wancan zamani, malamansu sun koya musu cewa duk abin da mutum ya sani daga waje ya shigo masa, ta hanyar gani, ji, taɓawa, sansana da ɗanɗano. Su kuwa suka ce wannan bai isa ba. A ganinsu, Mahalicci ya sanya wani haske cikin zuciyar kowane ɗan Adam, mai kuɗi ko talaka, namiji ko mace, kuma da wannan haske ne mutum ke gane gaskiya da adalci kai tsaye. Duk sauran koyarwarsu daga nan ta tsiro.

Jagoransu shi ne Ralf Waldo Emerson (1803-1882), wanda ya ajiye aikin limanci a 1832 ya zauna a garin Konkod. A littafinsa na 1836 a kan halitta, ya nuna cewa daji, kogi da taurari alamu ne na ruhi guda ɗaya da ya game kome, kuma wanda ya natsu cikinsu zai karanta su kamar littafi. A 1838 ya faɗa wa ɗaliban addini na Habad cewa su daina dogara ga abin da suka gada kawai, su nemi Ubangiji da zukatansu. Manya suka fusata, aka yi kusan shekara 30 ba a sake gayyatarsa ba. Ya kuma nemi hikima a wajen Turai: ya karanta littattafan Indiya da waƙoƙin Hafiz da Sa'adi na ƙasar Farisa, har ya rubuta gabatarwa ga fassarar Gulistan ta Sa'adi a 1865.

A 1841 ya fitar da rubutunsa a kan dogaro da kai. Ba maganar cika rumbu yake yi ba. Nufinsa shi ne kada mutum ya ari ra'ayin jama'a don tsoron bakinsu, domin kayan aro ba ya rufe katara.

Daga magana zuwa aiki

Wanda ya gwada aƙidar da jikinsa shi ne Henri Toro (1817-1862). Ranar 4 ga Yuli 1845 ya ƙaura zuwa bakin tafkin Walden, a filin Emerson, cikin ɗan ɗakin katako da ya gina da hannunsa a kan dala 28 da ƴan kai. Ya zauna shekara biyu da wata biyu, yana noman wake, yana karatu da rubutu. Ya lissafta cewa aikin mako shida ya ishe shi ciyar da kansa shekara guda. Darasin da ya fitar a littafinsa Walden, na 1854, shi ne mutane na sayar da kwanakinsu don sayen abin da ba su bukata.

Amma babban gwaji ya zo a Yuli 1846. A lokacin ana bautar da miliyoyin baƙaƙen fata a kudancin Amurka, ƙasar kuma ta shiga yaƙi da Meziko. Toro ya daɗe yana ƙin biyan harajin kai, don kada kuɗinsa ya taimaki gwamnatin da ta yarda da bauta. Aka kulle shi dare ɗaya, wani ya biya masa, aka sake shi. A 1849 ya bayyana hujjarsa a rubuce: in doka ta tilasta wa mutum ya zalunci wani, wajibi ne ya ƙi ta cikin lumana, ya kuma karɓi hukuncin. Daga baya Gandi a Afirka ta Kudu da Martin Luta Kin a Amurka sun karanta wannan rubutu, sun yi aiki da shi.

Mata ma ba a bar su baya ba. Margaret Fuller, wadda ta fara shugabantar mujallarsu mai suna Dial a 1840, ta ce tun da haske ɗaya ne ga kowa, babu dalilin rufe wa mace ƙofar ilimi ko sana'a. Littafinta a kan wannan ya fito a 1845.

Inda aka soke su

Ba kome ne ya yi musu kyau ba. Gonar haɗin gwiwa ta Buruk Fam, wadda Joj Ripli ya kafa a 1841 don masu ilimi su riƙa noma da hannunsu, ta rushe a 1847 bayan gobara da bashi. Mujallar ma shekara huɗu kawai ta yi.

Suka mafi nauyi kuwa tambaya ce: in kowa zai bi muryar zuciyarsa, yaya za a rarrabe ta da son zuciya? Amsarsu ita ce muryar gaskiya takan ɗora wa mai ita nauyi, ba ta sauke masa ba. Bayan dokar 1850, wadda ta wajabta wa mutanen arewa kama bayin da suka gudu, Emerson ya fito fili ya la'anci dokar, Toro kuma ya taimaki wasu bayi suka tsere zuwa Kanada. An soke bauta a Amurka a 1865, shekara uku bayan rasuwar Toro.

Tambayar da suka bari tana nan ga duk wanda ke riƙe da alƙalamin hukuma ko fartanya: ran da umurni da adalci suka raba hanya, wanne za ka bi?