Baƙin Fenti da Ruwan Zinariya na Tsohon Keken Ɗinki

Yau zancenmu a kan tsohon keken ɗinki ne, irin baƙin nan mai zanen ruwan zinariya wanda tela kan gāda daga maigidansa. In kun ga harafin K bayan lambar samfurinsa, kamar 15K, to, an ƙera shi ne a masana'antar Singer ta Clydebank, kusa da Gilasgo, wadda aka rufe a 1980. Watau abin da ya lalace a jikinsa ba mai sake yin irinsa can.

Baƙin nan ba fenti ne irin na ƙofa ba. Kwalta ce aka haɗa da mai, aka shafa wa ƙarfen, aka gasa a tanderu har ta yi tauri. Sa'an nan aka manna zanen, aka lulluɓe shi da wani ƙaro mai suna shalak, wanda wasu ƙananan ƙwari ke fitarwa a rassan itatuwa a Indiya da Tailan. Baƙin yana da ƙarko ƙwarai. Shalak kuwa bai kai kaurin takarda ba, kuma shi kaɗai ke tsare zanen.

Ga inda masu son tsabta ke yin ɓarna. Sifirit yana narkar da shalak nan take, haka ma turaren kwalba, domin akwai sifirit a cikinsa. Ruwa da sabulu mai ƙarfi sukan sa shi ya yi hazo. Da zarar ya tafi, sai zinariyar ta koma fara kamar azurfa, ba ta kuwa dawowa. Ni kaina na taɓa ɓata na wani dattijo da hannuna, ina cewa taimakonsa nake yi.

Abin yi shi ne a ɗiga man keken ɗinki a auduga, a fara gwadawa a bayan keken inda ido ba ya kaiwa, sa'an nan a shafa a hankali, ana sauya audugar in ta yi baƙi. A kan zanen kada a dirza ko kaɗan. Kananzir na cikin inji ne. Man gyaɗa kuwa kada ya kusanci keken, gama yakan daskare ya zama danƙo.

Saura tsumman nan da teloli kan ɗaura a wuyan keke suna soka allurai. A kwance shi. Kowace allura tana karce fentin da ke ƙarƙashi, inda kuma ƙarfe ya bayyana nan tsatsa ke farawa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.